Lambun Tumatir a Bayan Gida

Idan damina ta ɗauke a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, aka girbe dawa da masara aka kai rumbu, lokacin ne masu lambu su ke ɗaura ɗamara. A da, sai wanda ya ke da fadama ko fili a bakin rafi ya ke noman rani, yana ɗebo ruwa da jigo, guga guga. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji. Ita ce ta tare Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratsa dajin Falgore. Aka haƙa babbar hanyar ruwa daga Tiga zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Tun daga nan tumatir ya yawaita, har ana loda shi kwando kwando a manyan motoci daga kasuwar Kwanar Gafan zuwa Legas.

Amma ba mai babban fili kaɗai ke iya yin lambu ba. Ɗan makaranta ma, in ya sami wuri mai tsawon kamu goma da faɗin kamu shida a bayan gida, kusa da rijiya, ya iya hutar da uwarsa sayen tumatir makonni da yawa.

Abin da ya fi kome muhimmanci a wannan aiki shi ne lokaci. Asalin tumatir daga yammacin Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Feru, kuma tsiro ne mai son rana da sanyin dare. Saboda haka hunturu ne ya fi karɓarsa a ƙasarmu. In zafin bazara ya sauko, wajen watan Maris da Afrilu, furensa ya kan bushe ya kakkaɓe bai zama 'ya'ya ba. Wanda ya yi sakaci har watan Janairu bai zuba iri ba, zai sha wahalar ban ruwa, ya tashi da ganye kore shar, amma tukunya ba ta samu kome ba. Mai hankali ya kan zuba irinsa a watan Oktoba, ko farkon Nuwamba.

Kafin a taɓa iri, sai a fara yin shinge, gama da kaka ne a ke sakin awaki. Akuya guda, in ta sami kafa, ta kan cinye aikin wata biyu kafin a gama karin kumallo. Karan dawa kuwa ga shi nan jibge a wannan lokaci. A kafa darni, a ɗaure shi tam, a toshe ƙasansa da ƙaya saboda kaji.

Ba a shuka tumatir kai tsaye kamar dawa. Renonsa a ke yi tukuna, kamar jariri. A kan kaftu ɗan wuri mai inuwa kaɗan, a farfasa ƙasar ta yi laushi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. A lura, ruɓaɓɓe aka ce. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ya kan ƙone saiwar ƙaramin tsiro. Takin da ya kwana biyu a juji, ya yi baƙi, ya daina wari, shi ne na kirki. Sa'an nan a yi layi da yatsa, a yayyafa iri ba zurfi, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa, a yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kamar mako guda sai a ga ya tsiro. Ranar nan sai a ɗauke ciyawar, don kada tsiron ya yi tsawo siriri wajen neman haske.

Bayan mako uku ko huɗu, sa'ad da ya yi ganye huɗu ko biyar, ya isa dashe. Tun kafin ranar an riga an raba lambun fangali fangali, watau ƙananan ɗakuna masu kunya kewaye don su riƙe ruwa. Da la'asar sakaliya a ke dashe, don tsiron ya sami dare guda ya huta kafin rana ta doke shi. A jiƙa wurin renon sosai, a ciro ko wane tsiro da ƙasar da ke manne da saiwarsa, a dasa, a bar kamu guda tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kashegari za a ga ya langaɓe kamar ya mutu. Yara da yawa a nan su ke fid da rai, alhali kuwa cikin kwana uku zai miƙe.

Daga nan sai ban ruwa, kuma a nan a ke gane mai lambu na gaskiya. Lambu kamar wannan ya kan sha bokiti huɗu ko biyar a yini. A gindi a ke zubawa, ba bisa ganye ba. Ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa da shi yana da amfani, amma ruwan sabulun wanki ya kan ɓata ƙasa. Kuma kada a bar shi da ƙishi kwana uku sa'an nan a cika shi da ruwa rana ɗaya, gama haka ke sa 'ya'yan su tsage, ko gindinsu ya yi baƙi.

Tumatir yana da abokan gaba. Mafi sharrinsu wata 'yar tsutsa ce wadda manoma ke kira sharon. Ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, kuma a shekarar 2016 ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna, har kwando ya yi tsadar da mutane ba su saba gani ba. Cikin ganye ta ke shiga, ta yi ta ci, ta bar tabo fari kamar takarda. Mai ƙaramin lambu ya fi mai babbar gona sa'a a nan, domin yana iya duba ko wane tsiro da safe, ya tsinke ganyen da ya kamu, ya ƙone shi. Waɗansu su kan daka 'ya'yan darbejiya, su jiƙa su kwana, su tace, su yayyafa ruwan. Maganin ƙwari na kanti kuwa guba ne, ba aikin yara ba ne, sai babba wanda ya san ƙa'idarsa.

Kamar wata biyu da rabi bayan dashe, sai 'ya'ya su fara ja. In sun yi yawa har miya ta kasa cinyewa, a yanka su, a shanya bisa tabarma mai tsabta, su zama kauɗa, a ajiye don damina, lokacin da ɗanye ke wuya. Manyan da suka nuna sarai kuwa a matse ƙwayoyinsu, a wanke, a busar a inuwa, a rufe cikin kwalba. Sai dai akwai irin kanti wanda masana suka yi wa aure, shi ba a ajiye 'ya'yansa, gama ba su kan yi kama da uwarsu ba. Irin gida shi a ke ajiyewa har Oktoba mai zuwa.