Baƙin ruwan khal na Modena: yadda ake zaɓensa da abin da ake ci da shi

A yankin Emilia-Romagna na arewacin Italiya ana noman inabin Lambrusco, wanda aka fi sani da jar giyar da ake yi da shi. Amma mutanen Modena suna dafa ruwan wannan inabi da na Trebbiano har ya yi kauri, su mayar da shi khal ɗin da ake kira balsamico, mai tsami da zaƙi a haɗe. Uwargida, idan za ki kawo shi kicin, ga abin lura.

1. Karanta jikin kwalba kafin ki biya, domin iri biyu ne. Na gargajiya, mai rubutun Tradizionale da tambarin DOP, dafaffen ruwan inabi ne zalla. Ana jera shi a gangunan itace a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida, zafin bazara da sanyin hunturu su yi ta aiki a kansa aƙalla shekara 12. Duk shekara a ɗebi kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike ta daga wadda ta fi ta girma. Wanda ya kai shekara 25 ana rubuta masa Extravecchio. A kwalba mai mililita 100 ake sayar da shi, kuma da tsada. Mai tambarin IGP kuwa haɗi ne na ruwan inabi da khal, kwana 60 sun ishe shi. Shi ne ake gani a kantuna, kuma shi ya dace da girkin yau da kullum.

2. Idan na IGP ne, duba jerin kayan haɗin. Idan mosto, wato ruwan inabi, ne a farko, za ki same shi da kauri da zaƙi. Idan aceto di vino, wato khal ɗin giyar inabi, ne a gaba, tsami zai rinjaya. Kada baƙinsa ya ruɗe ki, don ƙa'idar IGP ta yarda a zuba karamel, wato ƙonannen sukari, har kashi 2 cikin 100.

3. Na gargajiya ba ya hawa wuta. Zafi yana kore ƙamshin da aka yi shekaru ana tarawa. Ɗigo kaɗan ake sawa bayan an zuba abinci a faranti.

4. Abokin tafiyarsa na farko cukun Parmigiano Reggiano ne, ɗan yankinsu: a ɓallo gutsure, a ɗiga masa. Gishirin cukun yana fito da zaƙin khal ɗin. Khal ɗin yana kuma karɓar gasasshen naman sa ko na rago, saboda tsaminsa na rage gundurar maiƙo. Sai dai in naman ya sha yaji da yawa, ki bari. Yajin zai danne shi, kin yi asarar kuɗinki. Italiyawa har kan sitiroberi da askirim suke ɗiga shi, kuma mai samun sitiroberin Jos ya gwada, ba zai yi da-na-sani ba.

5. Don salak, cokali 3 na man zaitun, 1 na khal. Fara narkar da gishiri a khal ɗin kafin ki zuba mai, gishiri ba ya narkewa a mai.

6. Idan na IGP ɗin da kika saya ya yi ruwa-ruwa, dafa shi a ƙaramar wuta har ya ragu da rabi. Ki yi amfani da tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Tsami yana cin ta alminiyam, ɗanɗano ya lalace.

7. Ba ya buƙatar firji. Rufe shi da kyau, ki ajiye nesa da murhu da rana.

8. Kowane khal na inabi sai ya bi ta matakin giya kafin ya koma tsami, kuma malamai sun yi saɓani kan khal ɗin da aka yi shi daga giya da gangan. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika amince da shi kafin ki saya.