Kafin ka sayi littattafan shirin JAMB na karatun likita

Duk mai neman gurbin karatun likita a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Danfodiyo, darussa huɗu zai rubuta a JAMB: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Kafin ka kashe ko sisi, sauke silabus ɗin da hukumar ta sa a shafinta na intanet, kyauta ne. Duk littafin da ka ɗauka a kasuwa, ka auna shi da wannan.

Littattafan tambayoyin shekarun baya suna da amfani ƙwarai, amma sai an lura. Wasu a gaggauce aka buga su, amsoshinsu cike da kurakurai. Zaɓi wanda ya nuna yadda aka kai ga amsa daki-daki, musamman lissafin Fizis da Kimistiri. Wanda ya rubuta "B" kawai ya wuce, mayar wa mai shago abinsa. Inda ka yi shakka, koma littafinka na sakandare ko ka tambayi malam.

A kwamfuta ake jarrabawar, tambayoyi 180 cikin awa biyu, don haka nemi manhajar gwaji mai agogo, hannunka ya saba. Masu cewa suna da tambayoyin bana na sayarwa kuwa, 'yan damfara ne, kada ka tura musu kuɗi.