DARASIN WANNAN WATA: WASA ƘWAƘWALWA DA TATTALIN LOKACI

A ƙauye, idan an gama cin tuwon dare, yara kan taru a dandali ko a wurin kakarsu. Daga tatsuniya sai a shiga kacici-kacici. Wani lokaci kuma wani dattijo ya jefo tambaya mai ɗaure kai, irin wadda ake kira wasa ƙwaƙwalwa. Kowa ya yi ta kawo amsarsa, a yi ta gardama har barci ya raba.

Irin waɗannan tambayoyi suna da amfani ga manya ma. Suna koya wa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya sa hannu a aiki. Allah ya ba kowa awa 24 a kwana guda, ba a ƙara wa sarki ba, ba a rage wa talaka ba. Amma sai ka ga maƙwabta biyu, gonarsu ɗaya a girma, ruwan sama ɗaya ya sauka musu, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya kuwa tun kafin bazara ya fara awo. Sau da yawa bambancinsu yana wajen tsara aiki ne.

Darasin wannan wata ya kawo tambayoyi uku. Ana so mai karatu ya karanta kowace tambaya, ya rufe jaridar, ya gwada neman amsa da kansa, sa'an nan ya ci gaba.

TAMBAYA TA FARKO: KURA DA AKUYA DA HARAWA

Wani mutum ya iso bakin kogi. Yana tafe da kura, da akuya, da damin harawa. Yana so ya ƙetare da su duka. Kwale-kwalen da ya samu ƙarami ne, ba ya ɗaukar komai sai shi da abu ɗaya. Idan ya bar kura da akuya su kaɗai, kura za ta cinye akuya. Idan ya bar akuya da harawa, akuya za ta cinye harawa. Yaya zai yi?

Ga amsa. Sai ya ratsa kogin sau 7:

1. Ya ƙetare da akuya, ya bar kura da harawa, domin kura ba ta cin harawa.
2. Ya dawo shi kaɗai.
3. Ya ƙetare da kura.
4. Ya dawo da akuya.
5. Ya ajiye akuya, ya ƙetare da harawa.
6. Ya dawo shi kaɗai.
7. Ya ƙetare da akuya.

Wannan tambaya ta daɗe a duniya. Tana cikin wani littafin lissafi da aka rubuta a Turai wajen shekara ta 800, wanda ake danganta shi ga wani malami ɗan ƙasar Ingila mai suna Alkuyin. A can, kyarkeci ne da akuya da kabeji. A ƙasashen Afirka da dama ma ana yin ta, kowa da dabbobin da ya sani.

Abu na farko da ta koyar shi ne, kowane aiki yana da abin da ya kamata a fara da shi. Da mutumin ya fara da kura, ko da harawa, da tun a sawu na farko ya yi asara. Haka noma yake. A ƙasar Kano da Katsina da kewaye, damina ba ta wuce kamar wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Idan aka ƙara yin arewa, wajen Maraɗi da Damagaram, ta fi haka gajarta. Saboda haka sassabe, da kai taki gona, da gyaran garma, da tanadin iri, duk aikin bazara ne. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka sa'an nan ya tafi maƙera, ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma noman firi yana gaba da zuba takin zamani. Wanda ya zuba taki a gonar da ciyawa ta cika, ciyawa ya ciyar. A fara nome gona cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. Sa'an nan a sa taki lokacin da ƙasa take da laima. Idan yuriya ce, a rufe ta da ƙasa, domin idan aka bar ta a fili ƙarfinta yakan bi iska.

Abu na biyu: akwai abubuwan da ba a barinsu wuri ɗaya. Ba a ajiye maganin feshi kusa da hatsi, ko inda hannun yara zai kai. Ba a zuba sabon wake a kan tsohon da ƙwari suka riga suka shiga. Kuɗin taki da kuɗin cefane ba su zama a aljihu ɗaya, musamman idan biki ya gabato. Yin haka daidai yake da ba kura ajiyar nama.

Abu na uku yana cikin sawu na 4. A nan ne mutane da yawa suke kasa amsa, domin ba ya zuwa musu a rai cewa za a dawo da akuyar da aka riga aka ƙetarar. Amma in ba a dawo da ita ba, babu hanya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Manomin da ya koma ya sake shuka inda iri bai tsiro ba, bai ɓata lokaci ba. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci da ya koma shafin baya don bai gane shi sosai ba, shi ma gaba ya yi.

TAMBAYA TA BIYU: KIFI UKU

Wata mata tana gasa kifi a tashar mota, 'yarta tana taya ta. Wayar gashinta ƙarama ce, kifi biyu kawai take ɗauka. Kowane gefe na kifi yana bukatar minti 5 a kan wuta. Sai ga wani matafiyi ya ce a gasa masa kifi uku, amma motarsu za ta tashi bayan minti 15.

Matar ta yi lissafi. Kifi biyu na farko, minti 10. Na ukun shi kaɗai, wani minti 10. Jimla minti 20. Ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, biyu kawai za ka samu.”

Sai 'yar ta ce, “Inna, bar ni in gwada. Duka ukun za su gasu.”

Uwar ta ce, “Ke 'yar nan, kada ki ja mini abin kunya.”

Yaya yarinyar ta yi?

Ga amsa. A minti 5 na farko ta ɗora kifi na ɗaya da na biyu. Da lokaci ya yi, ta juya na ɗaya, ta sauke na biyu ta ajiye a faranti, ta ɗora na uku a gurbinsa. Bayan wasu minti 5, na ɗaya ya gasu, ta sauke shi. Ta juya na uku, ta mayar da na biyu a kan gefen da bai gasu ba. Da minti 15 suka cika, kifi uku sun gasu sarai.

Yarinyar ba ta ƙara wuta ba, ba ta kuma yi gaggawa ba. Ta dai lura cewa a lissafin uwarta, rabin waya zai zauna babu komai har minti 10, gawayi yana ci a banza. Ta cike wannan gurbi, ta rage kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin, ciniki bai kuɓuce ba.

A rayuwar kowa akwai irin wannan gurbi. Akwai aikin da yake yin kansa idan an fara shi. Uwargida mai dabara takan jiƙa wake ko gero kafin ta ɗauki tsintsiya, ta ɗora ruwan tuwo kafin ta zauna tankaɗe. Magidancin da zai je kasuwar mako yakan haɗa bukatunsa: ya sayar da akuya, ya kai fartanya maƙera, ya sayo gishiri da magani, duk a tafiya ɗaya, da kuɗin mota ɗaya. Wanda ya iya rubutu ya fi kowa jin daɗin wannan, domin zai rubuta bukatun a takarda tun da dare, ba zai manta da ko ɗaya ba.

Karatu ma haka ne. Wasu kan ce ba su da lokacin bitar darasi. To, a yi lissafi. Minti 30 a kowace rana, tsakanin magariba da lisha ko lokacin hutun azahar a gindin bishiya, ya zama awa 15 a wata. A shekara ya haura awa 180. Wanda ya ba littafinsa awa 180, da yardar Allah zai karanta wasiƙarsa da kansa, ba sai ya kai wa wani ya ji asirinsa ba.

TAMBAYA TA UKU: KAINUWA A KUDUDDUFI

Kainuwa ta fito a wani kududdufi. Kowace rana tana ninka yawanta: abin da ta rufe yau, gobe za ta rufe biyunsa. A rana ta 30 ta rufe kududdufin duka. A wace rana ce ta rufe rabinsa?

Yawancin mutane kan yi saurin cewa rana ta 15. Amsar ita ce rana ta 29. Tun da kullum ninkawa take yi, rabi na jiya shi ne ya zama cikakke yau.

A ƙara komawa baya. A rana ta 28 ta rufe kashi ɗaya cikin 4. A rana ta 27, kashi ɗaya cikin 8. A rana ta 25 kuwa, kashi ɗaya cikin 32 kawai. Wanda ya wuce ta bakin kududdufin a rana ta 25 zai ce, “Ai 'yar kaɗan ce, a bari sai an samu sarari.” Bayan kwana biyar ko wurin shayar da dabba ba zai samu ba.

Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga irin wannan da idonsu. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun kogin ya sauya. Ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta yi ta yaɗuwa har ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.

A gonar tudu, wuta-wuta ce take yin wannan aiki. Tushe ɗaya yana iya zubar da 'ya'ya dubu 50 ko fiye. Ƙanana ne kamar ƙura, kuma suna iya zama a ƙasa shekara 10 ko fiye suna jiran dawa ko gero. Manomin da ya ga tushe biyar bana ya ƙyale, 'ya'yansa ma sai sun sha wahalarsu. Maganin shi ne a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, a fitar da ita daga gona a ƙone.

Bashi mai ruwa haka yake girma. Tsagewar bango da yoyon rufi haka suke. Wanda ya fi duka haɗari shi ne zazzaɓin yaro. Zazzaɓin cizon sauro yana iya yin tsanani cikin kwana ɗaya idan ba a ba da magani ba. Idan jikin yaro ya yi zafi da safe, a kai shi asibiti a yini nan, kada a ce sai ranar kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA ZA A RIƘE

Kafin a kwanta, mai karatu ya ɗauki fensir ya rubuta ayyukan gobe, ko da uku ne. Sa'an nan ya yi wa kansa tambayoyi uku:

Wane aiki ne ya kamata ya zo farko?
Wane aiki ne za a iya haɗawa da wani?
Wane ƙaramin abu ne zai zama babba idan aka bar shi?

Wanda ya saba da wannan, ya sami riba biyu: aikinsa ya tsaru, hannunsa kuma ya ƙara sabawa da rubutu.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Me ya sa mutumin ya fara ƙetarewa da akuya?
2. Minti nawa yarinyar ta rage a gashin kifi?
3. A rana ta 26, kashi nawa na kududdufin kainuwa ta rufe?
4. Me ya sa ake nome gona kafin a zuba takin zamani?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta ayyuka uku da zai yi kafin ruwan farko ya sauka.

TA WATA MAI ZUWA

Kwaɗo ya faɗa rijiya mai zurfin gaba 10. Kullum da rana yakan hau gaba 3, da dare kuma ya zame gaba 2. A rana ta nawa zai fito? Kada a yi saurin cewa 10. A zana rijiyar a ƙasa, a ƙirga da tsinke. Malaman aji su tattara amsoshin ɗalibansu. Amsa za ta fito a jaridar wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.