Man Mirtil Ba Na Sha Ba Ne

A kantin magani inda nake aiki, da hunturu ya kama sai masu mura su riƙa neman ƙananan kwalaben man ƙamshi, har da man mirtil. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukarsa tamkar man zaitun ko na habbatussauda, wanda ake kurɓa da cokali. Sam, ba haka yake ba.

Mirtil ɗan itace ne mai ganye kore shar da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su Maroko, Tunisiya, Turkiyya da tsibirin Kosika. Da tururi ake tatso man, kuma tarin ganye ne ke ba da 'yan ɗigo, shi ya sa yake da ƙarfi. Cikin manyan sinadaransa akwai siniyol, wanda ake samu a man bishiyar turare, shi ne ke buɗe hanci ya sassauta majina.

Amfaninsa na gaskiya ne. Babban mutum mai toshewar hanci zai iya sa ɗigo biyu a ruwan zafi ya yi sirace, idonsa a rufe. Mai maiƙon fuska da ƙuraje ya sa ɗigo ɗaya cikin ƙaramin cokali na man kwakwa, ya gwada a damtse, ya jira kwana guda kafin ya kai fuska. A Jamus akwai maganin majina mai suna GeloMyrtol da ke ɗauke da man mirtil tare da wasu mayuka, amma an auna shi, an kuma rufe shi cikin ƙwayar da ba ta narkewa sai ta wuce ciki. Wannan ba hujja ba ce ta shan na kwalba.

Iyaye mata, da ku nake. Kada a shafa wa jariri a hanci ko ƙirji, domin siniyol na iya shaƙe numfashinsa. Mai juna biyu da mai asma su tuntuɓi likita tukuna.

A ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa. In har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don man na iya shiga huhu. A ɗauke shi tare da kwalbar zuwa asibiti nan take.