Darasi: Yadda Takardar Rabo Za Ta Riƙa Cika Kanta

Da yawa daga cikin jama'armu a Taman Melati iyalan ɗalibai ne masu karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak. Wani ya gama ya koma gida, wani ya sauya haya, wani an yi masa haihuwa. Idan da hannu ake kwafe sunaye duk lokacin rabon kayan azumi, sai wani gida ya karɓa sau biyu, gidan marayu kuma a tsallake shi. Ga yadda muke kauce wa haka da Excel ko Google Sheets.

1. A buɗe shafi a sa masa suna Rajista. Layin A lambar gida, B sunan maigida, C yawan mutanen gidan. Kowane gida da lambarsa, domin ana iya samun Muhammad Sani uku, amma lamba 14 guda ɗaya ce.

2. A buɗe shafi na biyu, Rabo. A akwatin A2 a rubuta lambar gida, a B2 kuma:
=VLOOKUP(A2,Rajista!A:C,2,FALSE)
Ma'anarsa: nemo wannan lamba a Rajista, ka kawo abin da ke layi na 2. A C2 a maimaita, a mai da 2 ya zama 3, yawan mutane zai fito. Sai a kama kusurwar akwatin a ja ƙasa.

3. Kada a bar FALSE. In babu shi, kwamfuta na iya kawo sunan gidan da lambarsa ta yi kusa, ba tare da ta yi gargaɗi ba.

4. Alamar #N/A na nufin lambar ba ta cikin Rajista. Kada a goge ta, a bincika gidan.

5. A D2 a sa =COUNTIF(A:A,A2). In ya wuce 1, an rubuta gidan sau biyu.

Daga nan a Rajista kaɗai ake gyara. Aka ƙara jariri a can, nan take Rabo zai nuna.

Sunayen mabukata amana ce, don haka ba ma tura Rajista a zauren WhatsApp. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.