KAFIN KA ƘIRGA KUƊIN WAYA: DARASI KAN SAYEN WAYA DA ZAƁEN LAYI



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, kwanan baya bayan sallar la'asar wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Shagari ya same ni a Bodinga da waya ƙunshe cikin leda. Tumaki biyu ya sayar ya saye ta, don ya riƙa ganin fuskar ɗansa da ke neman kuɗi a kudu. Kwana huɗu da saye batir ya kumbura. Da mai gyara ya buɗe sai ya tarar an taɓa canza mata gilashi, alhali da sunan sabuwa aka sayar masa. Ga shi kuma layin da aka haɗa masa da ita ba ya kamawa a garinsu sai ya hau tudu. Ya koma shagon, aka nuna masa rubutu a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Sai ya ce da ni: "Malam, mi addini ya ce ga wanga lamari?"

Na ba shi amsa, amma na ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Waya yanzu da ita ake karɓar kuɗi, da ita ake jin farashin albasa da gero, da ita ake kiran mai mota idan naƙuda ta tashi cikin dare. Da yawanmu kuwa mun iya duba haƙoran rago kafin mu saya, amma waya sai mu yi cinikin biri a sama. Shari'a ta ba mai saye hanyoyin kare dukiyarsa, mu ne ba mu amfani da su.

1. FARA DA BUƘATARKA

A Suratul Furƙan Allah ya yabi bayinsa da cewa wajen kashe dukiya ba su ɓarna ba su ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi. Ka tambayi kanka: me zan yi da wayar nan? In kira ne da karɓar saƙon banki, ƙaramar waya mai madannai ta isa, kuma ita ce ke kwanaki ba a yi mata caji ba. In WhatsApp ne da sauraron karatu da tura kuɗi, matsakaiciya ta wadatar.

A wurarenmu da wuta ba ta zama, ƙarfin batir ya fi yawan kyamara amfani. Ka nemi mai 5000mAh ko kusa da haka. Sannan ka duba ko ana samun kayan gyaranta kusa. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion, kuma yawansu a hannun mutane ya sa masu gyara sun saba da su. Ba talla nake musu ba. Abin nufi, duk wayar da in gilashinta ya fashe sai an aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas kafin a samu, to ka sa wannan cikin lissafi.

Kada kuma a ruɗe ka da 5G. An fara shi a Najeriya a 2022, kuma a sassan manyan birane ya fi samuwa. Wanda ke kwana a Danchadi ko Kajiji ya ƙara kuɗi don 5G, ya biya abin da ba lallai ya mora ba. Waya mai 4G ta ishe shi.

2. LAYI KAFIN WAYA

Ana yawan tambayata, wane layi ya fi kyau? Amsa ita ce: wanda ke kamawa a ɗakin da kake kwana. MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel, sun fara aiki a 2001. Glo ya shigo a 2003. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Kowanne yana da inda turakunsa ke da ƙarfi da inda ba su kai ba. Sabis ɗin da ka gani cike a bakin titin Bodinga, ko a Sifawa, ko cikin garin Shagari, ba shi ne hujja ba ga wanda gidansa ke nesa da kwalta.

Gani ya kori ji. Ka ari wayar maƙwabci mai wannan layi, ka shiga da ita cikin ɗaka, ka kira, ka buɗe data, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ke kai. Ka gwada a gona ko rumfar kasuwarka. Ka tambayi masu POS na unguwarku, domin su ne sabis ke fara ɓata wa rana, sun san layin da ke tsayawa da wanda ke ɗaukewa. Tunda mafi yawan wayoyi suna cin sim biyu, babu laifi ka riƙe ɗaya don kira ɗaya don data.

In layinka ya gaza kuma ba ka son rasa lambar da mutane suka sani, tun 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe damar komawa wani kamfani da lambarka. Ofishin kamfanin da kake son komawa za ka je da shaidarka.

A farkon 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka lissafi ya zama dole. Yanzu lambobin aiki ɗaya ne a duk layuka: *310# don duba kuɗi, *323# don duba data, 300 don kiran kamfani. In ana cire maka kuɗi kan abin da ba ka nema ba, ka kai ƙara kamfanin, in ba su share maka hawaye ba ka kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Neman haƙƙinka ba rashin tawakkali ba ne.

Wani abu mai hatsari: kada ka sayi sim da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma ka ba wani NIN ɗinka ya yi rajistar layin da ba kai za ka riƙe ba. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN. Kun san halin tsaron da jiharmu ke ciki. In aka kira neman kuɗin fansa da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Iyayenmu mata da aka yi wa rajista da sunan ɗa ko ƙane, a taimaka a mayar musu da sunansu, domin ranar da layin ya ɓace, mai sunan kawai za a ba, ga shi kuma asusun banki na rataye da shi.

3. A CIKIN SHAGO

Kada ka je kai kaɗai in ba ka san waya ba. Ka tafi da wanda ya sani, wanda ba ya karɓar kamasho a ɓoye daga mai shago. A buɗe kwali a gabanka. Ka danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ka mayar da kuɗinka aljihu. Ka sa sim ɗinka a ramukan biyu, ka kira, ka saurari sifika, ka jona caja ka ga tana hawa, ka shiga saitin waya ka ga girman ma'ajiyarta ya yi daidai da abin da aka faɗa. A rubuta maka rasit da kwanan wata da IMEI da tsawon garanti.

Haka sauran kayan lantarki. Fawa bank da fitilar sola da batir, rubutun da ke jikinsu ba wahayi ba ne. In ka ga ƙaramin abu mara nauyi an rubuta masa ƙarfi mai yawa, ga kuma araha, ka tuna araha ba ta ado.

4. SHARAƊI: ABIN DA FIƘIHU YA BA KA

Nan ne zuciyar darasin, a natsu.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai saye da mai sayarwa suna da zaɓin fasawa matuƙar ba su rabu ba, kuma gaskiya da bayyana aibi ke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa ke shafe ta. Imamu Malik ya ruwaito hadisin a Muwaɗɗa, sai dai a sanannen mazhabarsa ciniki yana ƙulluwa da zarar an ce na sayar, na saya. Su Shafi'i da Ahmad suna ganin akwai zaɓi har sai an tashi daga wurin. Tunda akwai saɓani, kada ka dogara da wannan. Ka riƙe biyun da ke tafe.

Na farko, zaɓi na sharaɗi. Ya halatta ka ce: "Na saya, amma ina da kwana uku in gwada a gida, in ba ta yi ba zan dawo da ita." In mai shago ya yarda, sharaɗin ya hau kansa. Malamanmu na Malikiyya sun ce tsawon kwanakin yana bin irin kayan: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku. Waya kwana biyu zuwa uku sun isa a gane batir da sabis. A faɗa a gaban shaida, a rubuta a bayan rasit. Da dattijon nan ya yi wannan, da matsalar layi ta bayyana cikin wa'adi.

Na biyu, zaɓi na aibi. Wannan ba ya buƙatar sharaɗi. In ka gano aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda ba a gaya maka ba kuma yana rage daraja, kana da haƙƙin mayarwa ka karɓi kuɗinka. Rubutun "ba a mayarwa" bai wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Amma a kula da abu biyu. In an gaya maka aibin ka ce ka ji ka gani, shi ke nan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma in ka gano aibin sai ka yi shiru ka ci gaba da amfani, wannan alamar yarda ce, haƙƙinka na iya faɗuwa. Da ka gani, ka koma. Sannan wayar da kai ka jefa ruwa ko ka yar ta fashe, ka ji tsoron Allah, kada ka ce haka ka saye ta.

5. WAYA TA HANNU

Sayen ta hannu halas ne, kuma sau da yawa ita ce daidai ƙarfin talaka. Amma wayar da yaro ya ɓullo da ita a tasha ba kwali ba rasit, a rabin kuɗinta, yana waige-waige, ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. Sayen abin da ka san na sata ne, ko zatonka ya rinjaya a kan haka, haramun ne kuma taimakon ɓarawo ne. Ko da ba ka sani ba, ranar da mai ita ya zo da hujja zai karɓi abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka, in ka gan shi. Ka saya wurin wanda aka san shagonsa ko gidansa, ya cire makullinsa da asusunsa daga wayar a gabanka.

6. BASHI

Biyan kuɗin waya kaɗan-kaɗan ya halatta a wurin mafi yawan malamai, ko da kuɗin ya fi na lakadan, matuƙar an yanke farashi ɗaya da wa'adi tun wajen ƙulla ciniki. Misali a ce lakadan dubu 100, wata shida dubu 120, ku tsaya a kan dubu 120. Inda matsala take shi ne a ce in ka makara za a ƙara maka, ko kuma wani kamfani ne daban ya ranta maka kuɗin za ka mayar masa da ƙari. Wannan riba ce. Ka sa a karanta maka takardar kafin ka dangwala hannu.

Sai rancen kati, inda za ka ranci naira 100 a ba ka 85, in ka sa kati a cire 100. Malamai sun yi saɓani. Wasu na ganin bashi ne da ya jawo amfani, wasu na ganin sayar da hidima ne da kuɗin jinkiri. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a bar shi, sai in lalura ta matsa. Ko ta fuskar lissafi, wanda ya mayar da shi ɗabi'a yana asarar kashi 15 cikin ɗari kullum.

7. GA 'YAN UWANA MASU SHAGO

Sana'arku mai albarka ce, kuma da yawanku mutanen kirki ne. Ku tuna abin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Gilashin da aka canza, batirin da aka sauya, tsohuwar waya cikin sabon kwali, duk jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan buhu. Ku faɗa, ku rage kuɗi, za a saya. Ku rage rantsuwa, tana tafiyar da kaya amma tana tafiya da albarka. Ku masu gyara kuma, hotuna da saƙonnin da ke cikin wayar mutane amana ce, musamman wayoyin mata.

Shi dattijon, mun haɗa shi da wani mai mutunci cikin 'yan kasuwar suka koma tare. Mai shagon ya amsa cewa ya san an taɓa buɗe wayar, ya karɓe ta ya ba shi wata. Allah ya saka masa da alheri da ya dawo kan gaskiya. Layi kuwa sai da ya sake wanda maƙwabtansa ke amfani da shi. Amma kuɗin mota zuwa Sakkwato sau uku da kwanakin da ya bar gona, babu mai biyansa.

Allah ya sa wa dukiyarmu albarka, ya tsare mu daga cin haram da cutar da juna, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wallahu a'alam.