Wane Abin Wasa Ya Dace da Ɗan Shekara Biyu?

Wata uwa daga Kano ta rubuto cewa Sallah ta gabato, kawunnai sun fara kawo wa ɗanta mai shekara biyu kayan wasa, tana so ta san wanne za ta bar masa.

Hajiya, yaro ɗan ƙasa da shekara uku da baki yake gwada komai. Ki ɗauki kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida: duk abin da ya shige ciki, tayar ƙaramar mota ce ko idon 'yar tsana, zai iya shaƙe shi. Fasasshiyar balan-balan ma haka.

Mafi haɗari shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ake sa wa motoci masu fitila da waƙa. In ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Kada ki bar masa irin wannan mota, sai dai mai murfin batir da aka ɗaure da sukuru. In kina zargin ya haɗiye, kada ki sa shi amai, ku tafi asibiti nan take a ɗauki hoto.

Ki kula da fenti. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa saboda dalma a fenti da ƙananan maganaɗisu. Wanda ya tuna Zamfara a 2010 ya san abin da dalma take yi wa yara. Mai ɓarewar fenti, a yar.

Bindigar roba mai harsashi kuwa, ki yi wa kawu godiya, ki ɗora ta kan sif. Babbar ƙwallo da ƙoƙon wasan ruwa sun ishe shi, muddin idonki na kansa.